Maɓallin Baba Isa

"Hat!"

Baba Isa bai ji ba. Muƙamuƙin maharbin ya gani ya motsa, ya danna maɓalli, farantin yumɓu ya yi sama, bindiga ta tarwatsa shi.

Shekara ashirin da shida yana kan kujerar nan, a nadi, wato kulob ɗin harbi, da ke bayan haddin Harami, kan hanyar Jumum. Aikinsa ɗaya ne: maharbi ya yi kira, shi ya saki faranti. Wayar maɓallin ta bi ƙarƙashin yashi har ramin na'ura. Nadin ne kafilinsa, mai tsaya masa, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, a hannunsu take.

To, ƙarar bindiga ba ta da imani. Ta cinye kunnen hagu, ta dawo ta lashe na dama. Shekara uku ke nan duniya ta yi masa tsit, bai gaya wa kowa ba. Wa zai ajiye kurma a aikin da ji ne jarinsa? Ranar da asiri ya tonu, iƙama ta tafi, sai tarhil, a tasa ƙeyarsa zuwa garin da ya baro yana saurayi. Ga matarsa Maryama kwance a maƙabartar Shara'i. Ya tafi ya bar ta wa?

Sai ya koma karatun baki da wuya. Ya ƙware har wani sa'in yakan ga kamar farantin ya riga yatsansa fita, ya ce a ransa, hannu ya san aiki. Magana kuwa, kowa ya yi masa, amsar guda ce: "Ɗayyib," wato to, madalla.

Ko bara waccan, da aka kafa wasu baƙaƙen sanduna gaban wuraren tsayawa, mudir Abdulilah, shugaban nadin, ya daɗe yana yi masa bayani. Baba Isa ya yi murmushi ya ce ɗayyib. Mudir ya kalle shi, ya sake kallonsa, ya dafa masa kafaɗa ya wuce. Ranar ya sha da ƙyar.

Yau ce ƙarshen gasa. Saura mutum biyu: Hudaifa daga Jidda, da Nu'uman ɗan unguwar Utaibiyya, jikan Kanawa, wanda in ya zo yakan duƙa ya sumbaci kan tsohon ya gaishe shi da Hausarsa mai tsamin Larabci. Wanda ya ci shi zai wakilci yankin a Riyad.

Ana cikin haka iska ta taso da yashi. Nu'uman ya ja shimaginsa, mayafin kansa, ya naɗe baki da wuya.

Innalillahi! Ba muƙamuƙi, ba maƙogwaro, sai ƙyalle. Baba Isa ya kafa wa kafaɗarsa ido, yana ƙirga numfashi, yana dannawa da ka. Faranti ya fita, ya fashe. Wani ya fita, ya fashe. Gumi ya jiƙa masa tobu, doguwar rigarsa, har gadon baya. Ashirin da huɗu, babu kuskure.

A na ƙarshe yashi ya faɗa masa ido. Ya ƙifta, ya danna a makare, shi ya sani. Da ya buɗe ido, farantin yana can yana sauka lafiya lau, Hudaifa na ɗaga hannu don murnar nasara.

Nu'uman ya buɗe bindigarsa, ya zubar da kwanson harsashi. Da zai wuce ya tsaya ya sumbaci kan tsohon kamar kullum. Wannan sumbar ita ta karya Baba Isa. Ya cuci ɗan mutane, ya hana shi Riyad, don shi ya zauna kusa da kabari. Kai, abin ya isa. Zai kai wa mudir maɓallinsa, ya faɗi gaskiya da bakinsa, a yi abin da za a yi.

Ya miƙe ya fara naɗe wayar, abin da bai taɓa yi ba, don mudir da kansa yake hana a taɓa ta. Ya ja, yana jiran ta cije a ramin na'ura. Ba ta cije ba.

Taku uku kacal daga kujerarsa bakin wayar ya fito daga yashi, a yanke, an naɗe shi da baƙin salatif da ya daɗe da ruɓewa. Ashe tun bara waccan baƙaƙen sandunan nan ne ke jin kira suna sakin faranti.