Hatimin Yaya

Mai duba lafiyar motoci ya fito daga ƙarƙashin motar mijin ƙanwarsa yana girgiza kai. An ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta, waldar ƙafar gaba kuwa ta tsage. Ana taka ta da kyau za ta rabu.

"Haba Yaya, buga mana hatimi kawai!" in ji mijin.

Zai ce a'a ke nan, ƙanwar da ke zaune cikin motar ta sauke gilashi. Ido a kumbure, ga shatin yatsu a kumatu. Ta sunkuyar da kai.

Ya buga hatimin.

"Lafiyarta lau. Hau titi ka taka ta son ranka."

Sannan ya buɗe wa ƙanwarsa ƙofa.

"Ke, fito. Yau a tawa za ki koma gida."