Gado Ɗaya a Motar Yamai

Motar marasa lafiya guda ɗaya ce, gadonta ɗaya, man da ke cikinta kuma na zuwa babban birni Yamai ne sau ɗaya tak. Direba ya ce in azahar ta wuce ba zai kama hanya ba, don tun da sojoji suka karɓi mulki shingaye sun ƙaru, ga tsoron daji. Dokta Safi ta dubi agogo. Sha ɗaya da rabi, ga mutum biyu kwance a gabanta a likitar Filinge, wato asibitin garin, dukansu da shanyewar ɓarin jiki.

Na farko Isufu ne, magini, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Na biyu wani tsoho ne da aka kawo a amalanke daga wajen Damana, ƙafafu duk faso, riga duk ƙaiƙayin gero. Baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da manjo, babban nas ɗin ɗakin, ya tambayi matarsa Inna Habsa sunansa, sai ta kawar da kai.

"Ai maigidana na," in ji ta.

Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, ko da rai ne a bakin fita. Manjo ba shi da ƙarfin jayayya. Ya rubuta "tsoho" a kan kati ya wuce.

Safi ta zaro takardar da ke aljihunta, wadda ninki ya kusa raba ta huɗu. Ma'aunin Ibrah ke nan, gwaji goma. Wani likita ne ya wallafa shi a Yamai tun zamanin wani mulkin sojan na da, saboda likitocin karkara da ba su da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Wanda makinsa ya fi yawa shi zai fi jure hanya, don haka shi ake ɗauka. A kan wannan ma'auni take rubuta kundinta na jami'a, ta san lissafinsa fiye da na shekarunta. Mutumin ya wallafa ƙasidu talatin da ɗaya, wannan ita kaɗai an ambace ta sau ɗari huɗu da sha biyu, daga Dakar har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan yankin nan na Kurfey ba. Duk ambaton nan ko lita ɗaya ta mai bai sayo wa motar ba. Ta gaji da takardar, ta gaji da kundin, ta fi gajiya da zama mai zaɓe tsakanin rai da rai.

Isufu ya samu shida.

Tsohon bai ba ta wahala ba. Kafin ta ce ya fito da harshe, ya fito da shi. Kafin ta ce ya rufe ido, ya rufe. Ta ce a ranta, wannan ya sha zaman likita. Bayan gwaji tara makinsa biyar. Saura na ƙarshe, cokalin ruwa, mai maki biyu: in mutum ya haɗiye aka ƙirga goma bai yi tari ba, ya ci.

Ta ba shi. Ya haɗiye. Wajen takwas sai ga wani ɗan tari, bai fi gyaran murya ba. Inna Habsa na tsaye riƙe da takalmansa a ƙirji. Safi ta dube ta, ta ƙi duban matar Isufu da ke bakin ƙofa da goyo.

"Bakwai," ta ce wa manjo. "A shirya tsoho."

Tausayi ne zalla, kuma ta san tausayi ne.

Sai tsohon ya fara dukan ƙarfen gado da hannunsa na hagu, wanda ya rage masa. Ya ware yatsu biyar ya ɗaga mata.

"Baba, yi haƙuri, Yamai za a kai ka."

Ya ƙara duka. Manjo ya ce ruɗewa ce, a danne shi kawai, lokaci na tafiya. Amma yatsan tsohon cokalin yake nunawa, bai ko kauce ba. Don a zauna lafiya ta sake cika shi ta ba shi, tana ƙirgawa yana buga ƙarfe tare da ita. A na bakwai tari ya turnuƙe shi, ruwan ya dawo ta gefen baki. Da ya lafa ya sake ware yatsun nan biyar, yana mata kallon da ake yi wa wanda aka kama da satar amsa.

Kunya ta rufe ta. Ta soke bakwai ta rubuta biyar.

Ana kiran azahar mota ta fita da Isufu. Abin da ya rage wa tsoho a Filinge shi ne ƙarin ruwa da addu'a, kowa a ɗakin ya sani. Safi ta ja ƙafa ta je wajen Inna Habsa, tana jiran kuka ko Allah ya isa. Ta same ta tana goge masa baki da gefen mayafi.

"Inna, ki gafarce ni. Ba ni na yanke ba, takarda ce. Mai ita babban malami ne, duniya duk ta yarda da shi."

Tsohuwar ta yi 'yar dariyar da babu daɗi a cikinta.

"Duniya? Ga shi nan kwance. Shekara ashirin da yak koma gona, ba mu ga wanda yaz zo ko gaisuwa ba. Ɗiyata, bar ba ni labarin takardag ga. Randa yar rubuta ta, ni yab ba cokalin hwarko, ina amarya, shina ƙirga ina dariya."