Kifin da Zai Kai Baba Harare

Asabar ta goma sha ɗaya ke nan Nyaradzo tana baro Harare da sassafe, ta yi tuƙin awa biyu zuwa gonar mahaifinta, don kawai ta zauna a kwale-kwale tana kallon kifi ɗaya yana kuɓuce wa tsoho.

Ita ta jawo wa kanta. Da Baba Gwatidzo ya faɗi a banɗaki karo na biyu, ya yi rabin yini a ƙasa kafin maƙwabci ya leƙo, sai ta ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ta gyara masa ɗaki a gidanta, kusa da asibiti. Shi kuwa tsohon hedimasta ne, ba ya cewa a'a kai tsaye. Ya ce zai bi ta, amma bai taɓa barin aiki a rabi ba, sai ya kama Sufeto tukuna.

Sufeto wani ƙaton kifin bas ne da ke zaune ƙarƙashin matacciyar bishiya a tsakiyar dam ɗin gonar. Baba ya raɗa masa sunan ne don a shekara talatin na aikin koyarwa, sufeton makarantu kaɗai ya taɓa sa shi gumi. Nyaradzo ta yi dariya ta amince. Kifi ɗaya a hannun gwani irin mahaifinta, a ganinta sati biyu ma ya yi yawa.

Gwani ne kuwa, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ba ya sa tana a ƙugiya, ya ce wannan aikin mayunwata ne. A baranda yake zama ya ɗaura ƙwarin ƙarya a kan ƙugiyoyi da hannunsa, da gashin zabo da na akuya da zaren ɗinkin marigayiya matarsa, ya jera su a wani ƙaramin akwati da ba ya barin aljihun rigarsa. Nyaradzo ta sayo masa na shago masu ƙyalli, masu ƙugiya uku-uku. Ya gode mata sosai, ya rataye su a bango kusa da kalanda.

A kan ruwa sai ka rantse shekarunsa arba'in. Zai karkaɗa doguwar sandar kamun kifin, zaren ya yi ta shawagi gaba da baya a saman kansu, sannan ƙwaron ya sauka tsakanin rassa a hankali. Ya ja shi ta cikin ciyawa, ya ja shi ta kan kututture, bai taɓa maƙalewa ba ko sau ɗaya. Tongai mijin Nyaradzo da ya gwada da nasa kayan, uku ya bar wa bishiyar cikin awa guda, ya koma mota yana sauraron ƙwallo.

Kuma Sufeto ba ya rowar zuwa. Kusan kowace Asabar ruwa zai buɗe, wani baki mai faɗin kwano ya haɗiye ƙwaron, sanda ta ranƙwafa na numfashi ɗaya, sai zare ya saki. Daga nan Baba zai fara rabon laifi: iska, rana, kwale-kwalen, Nyaradzo da ta motsa ƙafa. In sun koma gida kuma ya share faranti biyu na sadza, tuwon masara, da ganye, har da fito.

Tausayinsa take ji. Hannun ya tsufa ne, ta ce wa kanta, ba ya fizga a kan lokaci, girman kai kuma ba zai bar shi ya faɗa ba. Tsoro ma take ji, sosai. Damina ta kusa, in rafi ya cika hanyar gonar kan yanke har kwana huɗu. Mace mai digiri biyu ta kai ga durƙusawa a coci tana roƙon Allah ya kama mata kifi, ta tashi tana jin kunyar kanta.

Wannan Asabar ɗin iska ta tashi tun kafin su kai bishiyar.

"Baba, in ya sake kuɓucewa yau fa?" ta tambaya.

"Sai Asabar mai zuwa, Nyari. Ke kika amince, ban sa miki wuƙa a wuya ba. Riƙe filafilin da kyau, kina juya mu kamar masu neman hanya."

A jifa na huɗu Sufeto ya zo. Ta ga faɗin bayansa, ta ga sanda ta lanƙwashe, ta riƙe numfashi. Zare ya saki.

"Kin yi tari," in ji Baba.

"Ban yi tari ba, Baba."

"To kin yi niyya."

Ba ta yi dariya ba. Hawaye ne suka cika mata ido, shi ya sa ba ta sunkuya ba da ya sake ɗaga sanda. Iska ta juya zaren, ƙwaron ya taho da gudu ya tsinka mata mari a ƙasan ido. Ta dafe wurin da sauri tana jiran zafin ƙarfe a cikin nama, tana jiran jini. Ba ta ji komai ba sai laima. Ƙwaron ya zamo ya faɗa tafin hannunta.

"Miƙo shi nan, 'yata," ya ce. Muryar ba ta hedimasta ba ce, ta ɗalibin da aka kira gaban aji ce.

Ba ta miƙa ba. Ta sa farce ta buɗa jiƙaƙƙen gashin zabon a hankali, ta duba ƙarƙashinsa. Ƙugiyar ba ta da bakin da zai riƙe kifi, an datse shi tsaf da filaya tun kafin a naɗa zaren farko.