Wanda Ba a Tambaya Ba

Sau bakwai suka tsaya hutawa kafin su kai saman dutsen. Tun haɗarin motar bara Injiniya yake tafiya da ƙafar roba, yau kuwa ta goge masa gwiwa har jini ya ɓata wandonsa. Malama, wadda yake nema da aure, ta gani, ta kau da kai.

Can ƙasa kogi ya zama kamar zare, amma babu wanda ya kalla. Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ita kuma sai buɗe gorar ruwa take yi tana rufewa.

"Yayanki ya same ni jiya," ya ce. "Wai wanda hawa bene ya gagara, ina zai iya ɗaukar nauyin gida?"

"Shi ya sa ka jawo mu nan?"

"Na so in gwada kaina ne." Ya dubi wandonsa. "Gaskiya ya faɗa. Na haƙura da ke."

Ta ajiye gorar da ƙarfi, ruwa ya fantsama.

"Yaya da ƙafafunsa biyu, ko gindin dutsen nan bai taɓa zuwa ba." Ta juyo ta fuskance shi. "Kun zauna kun yanka rayuwata kamar yadi a hannun tela. Ni wa ya tambaye ni?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Tambaye ni. Yanzu."

Ya gyara zama. "Za ki iya..."

"Na yarda." Ta miƙa masa sandarsa, idonta cike da ƙwalla. "Sauran maganar ka ƙarasa ta a gaban Baba."