Ranar da Allo Ya Yi Shiru

Tunda ka ce abin da mutum ya furta shi kaɗai cikin fushi ba ya cutar da kowa, bari in ba ka misali.

An yi wasu abokai biyu da ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin gidan rediyo. Ofishinsu ɗaya, kwano ɗaya suke sa wa hannu da rana. Babban cikinsu mutum ne mai i'ina, kafin kalma ta fito sai ya runtse ido ya ɗan bugi cinyarsa. A gaban mutane ba ya son doguwar magana, amma in suna su biyu sai ya saki jiki ya yi ta zuba labarin garinsu, don ƙaramin bai taɓa nuna ya ƙosa ba.

Wata Laraba da hantsi, ana dab da fara shirin manoma, masu saurare ta intanet suka yi ta bugo waya cewa ba sa jin komai. Babban ya zagaya baya duba janareta, don haka aikin ya faɗo kan ƙaramin. Ya buɗe baƙin allon nan da linzamin kwamfuta ba ya aiki a cikinsa sai dai a rubuta umarni, ya shiga fayil ɗin da ke nuna wa na'ura inda za ta tura sauti. Nan take ya ga kuskuren, ya gyara. Sai yatsunsa suka yi abin da suka saba a sauran manhajoji, suka danna maɓallan Kontirol da S don adana aikin. Allo ya ƙame. Ya sake dannawa, shiru. Ya taɓa kibiyar sama, ya taɓa ta ƙasa, ko gezau. Ya zare wayar madannan ya mayar, ya kifa su ya girgiza har ɓawon gyaɗa ya zubo, ya ɗauko wasu daga teburin abokinsa ya jona, duk a banza. Kashe na'urar kuwa ba dama, don ita ke riƙe da shirin da ke kan iska. Manajar gidan ta leƙo ta koma, ta sake leƙowa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

A nan ne ya tuna cewa abokinsa ne ya saita wannan kwamfuta a makon da ya wuce. Zuciya ta ɗebe shi. Da farko haruffa kawai yake bugawa barkatai ko ɗaya zai bayyana. Da ya ga ba abin da ke fitowa, sai ya ɗauka rijiya ya samu da zai tofa baƙin cikinsa. Ya rubuta cewa aikin mai i'ina ai dole ya yi i'ina. Ya rubuta cewa ya gaji da jiran kalma ɗaya kamar mai jiran motar ƙauye. Ya ƙara da abin da ya fi wannan muni, allo kuwa bai nuna ko ɗigo ba.

Yana cikin haka babban ya shigo yana goge baƙin mai a hannu, manaja da mai gabatar da shirin suna bayansa. Ya tsaya a kafaɗar abokinsa ya ce, “M-me ka d-danna ƙarshe?” Da aka gaya masa sai ya yi murmushi, ya ce a irin wannan allo maɓallin nan ba adanawa yake ba, rufe wa allo baki yake, amma kunnensa a buɗe yake, duk abin da aka buga yana shiga. Kafin ƙaramin ya fahimci inda maganar ta dosa, abokin ya miƙa hannu ya danna Kontirol da Q.

Komai ya zubo lokaci guda, farin rubutu a kan baƙi, ga shi nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar fayil. Manaja ta karanta ta kawar da kai. Mai shirin ya sulale ya fita. Ƙaramin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, hannunsa na kan cinya ya kasa ɗagawa ya rufe allon. Babban ya karanta har ƙarshe. Ya jawo madannan gabansa, ya goge layukan ɗaya bayan ɗaya, ya bar gyaran abokinsa yadda yake don daidai ne, ya adana ta hanyar da ta dace. Sauti ya koma, wayoyi suka daina ƙara.

Da yamma ƙaramin ya bi shi har ƙofar gida, ya durƙusa ya nemi gafara. Babban ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce ya yafe, kuma da gaske ya yafe: bai kai ƙara ba, bai sauya masa fuska ba, washegari ma shi ya fara gaishe shi. Sai dai daga ranar, in zai yi masa magana sai ya zaɓi kalma mafi gajarta. In abu ya fi jimla ɗaya, sai ya nuna da yatsa a kan allo. Suna nan a ofis ɗaya har yau, ƙaramin yana zaune yana roƙon Allah abokinsa ya ɓata masa lokaci da dogon labari, shi kuwa sai “to” da “shi ke nan”.

Rubutun bai ɗauki minti ba aka share shi daga na'ura, amma wanda ya karanta ya riga ya karanta. Shi ya sa Hausawa ke cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.