Irin Waken da Ya Ƙi Rabuwa

Ka zo mini hannu rabbana, ko goro babu, wai in fahimtar da kai lambar da ba ta rabuwa. Haka kuke yi mini a garin nan, ilimi irin nawa kuna ɗiba kyauta kamar ruwan rafi. To, gyara zama.

Wata shekara fara ta cinye amfanin wani ƙauye mai gidaje bakwai, yunwa ta sa mutane suka ci har irin shuka. Abin da ya tsira sai randa guda ta irin wake da aka adana cikin toka. Damina ta yi nisa kafin a sami ruwan kirki, sai aka kira wani malami da ya yi suna a hisabi ya raba musu. Al'adar garin a auna da mudu, gida-gida, kowa ya nufi gonarsa. Shi kuwa ya ce mudu aikin jahilai ne, wani a yi masa tozo, wani a shafe. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse da ƙwaya zai raba, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa, ba ragi ba saura. Kwana huɗu yana ƙirga a kan tabarma, ya sami dubu ɗari cif da ƙwaya uku. Ya kasa gida bakwai, ƙwaya ɗaya ta yi saura. Ya koma kan magidanta goma sha biyu, saura bakwai. Ya bi kawunan mutum arba'in da ke garin, saura uku. Bai sani ba ya gamu da irin lambar nan mai taurin kai: ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a nemo mutum dubu ɗari da mutum uku kowa ya ɗauki ƙwaya, ban da haka ba ta rabuwa. Wata tsohuwa ta ce masa, "Malam, jefa guda ɗayan nan a baki mana, ƙasa fa tana bushewa." Ya ce rantsuwa ba wasa ba ce. A ransa kuwa abin da ke cinsa shi ne a ce ƙwayar wake ta kayar da shi. Mutane na tsoron rantsuwar, ba wanda ya iya miƙa hannu.

Sai a rana ta goma sha ɗaya suka ture shi suka ɗauko mudu. Damshi ya riga ya tafi. Waken ya tsiro da ƙyar, ya fara fure, ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Kafin wata damina gidan tsohuwar nan ya ƙare kaf. Ran da aka binne na ƙarshensu, malamin ya tsuguna a bakin maƙabarta, ya share ƙasa da tafin hannu, ya sake lissafin da gidaje shida. Saura ɗaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.