Kafaɗar Hansai

Da la'asar Maiwada ya iso Toranke daga Gaya, ya jingine kekensa a bakin zaure. Maɗori ne ɗan maɗori, sau uku yana mayar da kafaɗar Hansai gurbinta bayan ta goce wajen daka. Yau kuwa amsar maganar aure ya zo ji.

Ta fito ta zauna can gefen tabarma, kanta a sunkuye. Bayan gaisuwa ta kama babban yatsanta, ta lanƙwasa shi har ya taɓa tsintsiyar hannunta, kamar ba ƙashi a ciki.

"Haka likitan Kano ya sa na yi," in ji ta. "Ya ce ba sammu ba ne, ba iska ba ce, gado ne, daga Inna na ɗauko. Abin da zan haifa ma yana iya ɗauka. Ka nemi wata, Maiwada."

Daga tsakar gida ya jiyo ƙarar sandar Innar, wadda gwiwoyinta suka gaza tun ba ta kai arba'in ba. Ya tsura wa tafin hannunsa ido har sandar ta wuce.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ni da maganinsa," ya ce a hankali. "Amma ni ma da nawa gadon. In Allah ya ba mu ɗa ya ɗauko naki, gara ya tashi a gidan da ba sai an fita neman maɗori ba."

Sai a lokacin ta saki yatsan, ta ɗago kai ta dube shi.